Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nasiha Ga Matasa Masu Kiwon Kifi

'Ya'yana da ƙannena na Jega da Aliero da Maiyama.

Duk wanda ya zagaya unguwanninmu a 'yan shekarun nan zai ga abin da ke faranta mini rai. Bayan wannan gida tankin siminti ne, bayan wancan tampol aka ɗaura a jikin katako, a bakin fadama kuma wani ya haƙa kandami. Yaron da jiya yake zaman jiran tsammani a bakin tasha, yau ya san kuɗin buhun abincin kifi, ya san lokacin da masu gashi da masu banda suke zuwa ciniki. Daga Kimba zuwa Sabiyal, daga Mungadi zuwa Andarai, maganar kiwon tarwaɗa ta shiga bakin matasa. Allah Ya sa wa wannan nema albarka.

Sai dai akwai tambaya guda da ba a mako ban ji ta ba. Yaro zai same ni bayan sallar magariba, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, ruwana ya yi kore shar, gansakuka ta kama bango. Wane magani zan zuba?" Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ni ma na taɓa yin ta, kuma amsar da na samu ta ci mini dukiya.

Shekarar da na fara kiwo ina da tankin siminti biyu a bayan gida, ba nisa da Gulbin Zamfara, wanda mu nan muke kira Gulbin Gindi. Na zuba 'yan tarwaɗa fiye da abin da tankin zai ɗauka, saboda ina lissafin riba tun kafin kifi ya yi tsawon yatsa. Abinci kuwa hannuna a sake yake. In na ga sun taso suna wasa da ruwa sai in ƙara, a zatona ƙoshi shi ne girma. Da bazara ta kankama, watan Afrilu ya zo da zafinsa da ya kan haura ma'auni 40, ruwan ya yi kauri kamar miyar kuka. Na shiga kasuwa na kai kuka wurin wani mai sayar da magungunan gona. Ya ƙulla mini wani shuɗin gari a leda, babu suna babu takarda, ya ce in zuba in ga aiki. Na zuba bayan la'asar. Washegari koren ya dushe, ruwan ya koma ruwan ƙasa, na kwana ina murna.

Asubar da ta biyo baya ba zan manta da ita ba. Na dawo daga masallaci na haska tocila a tankin farko. Manyan kifayen sun miƙe tsaye a cikin ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, suna buɗe baki. Ƙananan sun juya farin cikinsu sama, sun taru a kusurwa. Wari ya bugi hancina tun kafin in sunkuya. Kafin hantsi na kwashe fiye da rabin tankin a cikin daro.

Muna da wani maƙwabci dattijo, Basarke ne, tun yana yaro yake su da gora da homa. Ya ji labari ya shigo. Bai ce komai ba sai da ya naɗe hannun rigarsa, ya tura hannu har kafaɗa, ya damƙo abin da ke ƙasan tankin. Baƙin taɓo ne, a cikinsa ga ƙwayoyin abincin da na saya da kuɗina, sun kumbura sun ruɓe. Ya kai hanci, ya girgiza kai.

"Yaro, mi kaka ba kihin ga?"

Na ce, "Baba, abinci ne mai kyau, na kamfani."

Ya ce, "Ban ce ba shi da kyau ba. Ka ba kihi nashi, ka ba ruwa nashi. Gansakuka ba ta kashe ma kihi ba, hannunka na. Ruwa ba shi tsami banza."

Tun daga ranar nake bin wannan magana, ina tambayar masana, ina gwadawa da hannuna. Abin da na tarar shi ne dattijon nan da bai taɓa shiga aji ba ya faɗi abin da malaman kimiyya suke koyarwa a jami'a.

Gansakuka dangin tsiro ce, ko da yake ba ta da saiwa ba ta da ganye. Abin da gero da albasa suke so shi take so: rana da ɗumi da taki. Ku 'yan Aliero kun fi kowa sanin abin da buhun NPK da na yuriya ke yi wa albasa. To, sinadaran naitirojin da fosfaras da ke cikin takin nan, su ne kuma ke fita daga kashin kifi da abincin da ya nutse bai ciyu ba. Ashe duk ranar da ka watsa abincin da ya fi cikin kifinka, taki ka yi wa gansakuka. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita a ƙasar Kabi. Me zai hana ta tofowa?

Da rana gansakuka tana aiki da hasken rana tana sakin iskar oksijin a cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa. Da dare sai ta juya, ita ma ta shiga shaƙar iskar tare da kifi. In ta yi yawa, kafin asuba sun cinye abin da ke cikin ruwan, shi ya sa mutuwar kifi ta fi zuwa da jijjifi. Ga shi kuma ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar na sanyi. Lita ɗaya ta ruwa a ma'aunin zafi 20 takan ɗauki kusan miligiram 9 na oksijin, a ma'auni 30 kuwa ba ta wuce 7 da rabi ba. Wannan ne dalilin da ya sa bazara ta fi hunturu haɗari ga mai kiwo.

Abin da na yi da shuɗin garin nan shi ne na kashe gansakukar gaba ɗaya a dare guda. Mushenta ya zube ƙasa ya soma ruɓewa, ruɓewar ta zuƙe sauran iskar da ta rage. Sinadarin amoniya da ke fita daga jikin kifi, wanda da gansakukar ce ke tsotse shi, ya rasa mai ɗauka, ya taru ya zama guba. Gaskiya ne tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa ta fi karfasa juriya. Amma kifin da ke fama da numfashi ba ya cin abinci, ba ya girma, cuta kuma ba ta wahalar kama shi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Shekaru bayan haka Allah Ya nufe ni da zuwa Umra. Kafin jirginmu ya tashi daga Jidda, wani ɗan'uwa mazaunin can ya kai ni wani gida a bakin Bahar Maliya inda ake ajiye kifayen teku a manyan akwatunan gilashi. Na ga kifaye masu launin da ko a turmin atamfa ban taɓa gani ba. Amma abin da ya tsayar da ni wani ma'aikaci ne. Ya ciro wani dutse mai ramuka daga akwati, ya sa shi a bokitin da ya ɗebo ruwan akwatin a ciki, yana goge shi da ɗan buroshi irin na haƙori. Wata gansakuka mai kama da koren gashi ce ta kama dutsen. Yana tsinke ta da yatsa, yana bin rami rami, ba gaggawa. Na ce da ɗan'uwana ya tambaye shi me ya sa ba zai jiƙa dutsen a magani ya huta ba. Mutumin ya ɗaga dutsen ya nuna mana, ya ce ai wannan dutse yana da rai.

Ga yadda abin yake. Murjani halitta ce ta teku, dangin wanda iyayenmu mata suke ɗaurawa a wuya. Ƙananan halittu ne da suke gina wa kansu gida mai tauri, in sun mutu gidan ya rage ya zama dutse mai huda ko'ina kamar soso. A cikin hudojin nan ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zama, waɗanda ido ba ya gani. Aikinsu su juya amoniya mai guba ta koma naitirayit, daga nan ta koma naitiret wanda cutarsa ba ta kai ta farko ba. Wato dutsen nan shi ne matatar akwatin. Shi ya sa masu wannan kiwo suke kiransa dutse mai rai. Wanda ya jiƙa shi a ruwan bilic zai fitar da shi fari tas, amma ya kashe ma'aikatan da ke cikinsa, kuma sai an yi makonni kafin wasu su sake kama wurin.

Na tambayi yadda suke yaƙar gansakuka, sai na ji kamar dattijon nan Basarke ne ke magana da wani harshe. Suna rage abinci. Suna rage awoyin da fitila ke haska akwatin. Suna canza kaɗan daga ruwan, kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100, duk mako ɗaya ko biyu, da tataccen ruwan da aka haɗa da gishiri daidai da na teku, wato kusan giram 35 a kowace lita. Suna auna naitiret da fosfet su rubuta. Suna saka halittun da cin gansakuka ne abincinsu, irin su katantanwar teku da wasu kifaye masu kiwo a jikin dutse. Sauran kuma su cire da hannu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna sakamako a kwana guda. Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse, ni kuwa a Jidda na ga mai haƙuri yana wanke shi.

Wani abin mamaki kuma, shi murjanin mai rai a cikin tsokarsa akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa da yake zaune da ita, ita ke samar masa da yawancin abincinsa daga hasken rana. In ruwan teku ya yi zafi fiye da kima takan fice, murjanin ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Kun ga ke nan, a teku ma ba kowane kore ne abokin gaba ba. Magana ce ta awo. Kaɗan rai ne, mai yawa halaka.

Akwai darasin da duniya ta koya a tekun Jamaika, can yankin Karibiyan. A da duwatsun murjanin ƙasar suna da masu yi musu shara: kifaye masu cin gansakuka, da wata halitta mai ƙayoyi da za mu iya kira bushiyar teku. Masunta suka yi ta kama kifayen nan har suka yi ƙaranci, aiki ya koma kan bushiyar ita kaɗai. A 1983 wata annoba ta faɗa wa bushiyar, ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100. Wani masani mai suna Terry Hughes ya buga sakamakon bincikensa a 1994, ya nuna cewa murjanin da a ƙarshen shekarun 1970 yake rufe da fiye da rabin ƙasan tekun wurin ya koma ƙasa da kashi 5, gansakuka kuwa ta tashi daga kashi 4 zuwa sama da 90. Ba wanda ya shuka ta. An dai kawar da masu cin ta, sai ta ci gari.

Mu ma muna da namu mai sharar, ita ce karfasa. Koren ruwa abincinta ne. Mai kandamin ƙasa zai amfana in ya saka karfasa, amma ya saka manya, domin tarwaɗa ba ta barin 'yan ƙanana. Sai dai in ja kunnenku a nan. Kada wani ya ji masu akwatin teku suna saka katantanwa, ya tafi fadama ya kwaso tamu ya zuba a kandaminsa. Wasu daga katantanwar ruwanmu su ne gidan tsutsar da ke kawo tsargiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini. Ilimin wata ƙasa ana ɗaukarsa ne a auna shi da ƙasar da ake ciki.

Yanzu bari mu dawo bayan gida. Kafin ka ɗaga hannu a kan gansakuka, fara sanin wadda ke gabanka, don fuskarta uku ce.

Ta farko ita ce wadda ke narke a cikin ruwa ta mai da shi kore, ba ka iya kama ta da hannu. Wannan in ba ta yi yawa ba alheri ce: tana ba da iska da rana, tana tsotse amoniya, tana yi wa kifi inuwa. Awonta a jikinka yake. Tura hannunka a ruwa, tafin yana kallon sama. In ka kai gwiwar hannu sannan tafin ya soma ɓacewa, ruwanka lafiya lau. In kuwa ya ɓace tun wuyan hannu bai gama nutsewa ba, kore ya yi yawa, lokacin gyara ya yi.

Ta biyu ita ce mai zare, wadda ke kama bango da bakin bututu, ko ta yi shimfiɗa a kan ruwa kamar tsohon bargo. Wannan tana sarƙe 'yan ƙananan kifi, tana toshe magudana. Maganinta sanda da hannu: ka naɗe ta a jikin sanda kamar mai kaɗi, ka fitar da ita waje. Kada ka tsinka ta ka bar ta a ciki, don duk guntun da ya rage iri ne.

Ta uku ita ce abar tsoro. Takan taru a saman ruwa kamar an zubar da fenti, kore mai ratsin shuɗi, da wari irin na ruɓaɓɓiyar ciyawa. Masana sun ce wannan a haƙiƙa nau'in bakteriya ce, kuma wasu daga cikinta suna fitar da gubar da ke lalata hanta. A watan Agusta na 2014, a birnin Toledo na Amurka, an hana mutum wajen 400,000 shan ruwan famfo har kusan kwana uku saboda irin wannan guba a tafkin Erie. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ɗora laifin a kan irin wannan gansakuka da ke ramukan da suke shan ruwa. Abin da ya kayar da giwa, ina ga akuya? In kun ga tafki ya yi wannan kama, ku hana yara wanka a ciki, ku faɗa wa makiyaya su kauce da shanunsu, kada kuma a ɗebi ruwan don girki, domin tafasawa ba ta kashe gubar.

To, mene ne abin yi? Ka fara da hannunka, don daga nan ɓarnar ta fito. Ka ba kifi abinci kaɗan kaɗan, kana tsaye kana kallo. Da zarar ka ga wasan ruwan ya lafa, sun daina ruguguwa, ka tsaya, ko da saura a kwano. Abin da bai ciyu ba cikin kamar minti 15 asara ce biyu: ka rasa kuɗin abincin, ka kuma sayi gansakuka da shi. Ranar da ka ga kifi ya taso sama da asuba yana buɗe baki, kada ka ba shi abinci sai ruwa ya gyaru. Tarwaɗa ba ta mutuwa don yunwar yini ɗaya.

Sannan ka duba yawan kifin da ka zuba. Kwaɗayin cika tanki shi ya kayar da ni, kuma shi ke kayar da yawancin masu farawa. Kifi 200 masu ƙiba sun fi 500 'yan tsamurmuri a wurin mai banda. Duk 'yan makonni ka ware manya daga ƙanana, kowa ya sami fili.

Sai canjin ruwa. Ka buɗe magudanar ƙasa, don a can dattin yake kwance, ka rage wani kashi, ka ƙara sabo. Mai tankin siminti ko tampol da ya cika kifi zai fi mai kandamin ƙasa yawan canji, hancinsa da idonsa za su gaya masa lokacin. Amma kada ka zubar da duka ka cika da ruwan rijiyar burtsatse mai sanyi a tsakar rana, sauyin zai gigita kifin. Ka sa sabon ruwan ya faɗo daga sama yana fantsama, don a faɗowar yake kwasar iska. In ruwan famfo ne mai sinadarin kulorin, ka bar shi ya kwana a buɗe.

Ka yi wa tankinka rumfa. Zana ko asabari da zai rufe rabinsa ya isa ya rage wa gansakuka rana, ya kuma sanyaya ruwan. Wannan shi ne namu rage fitilar, kuma kuɗinsa bai kai na buhun abinci ɗaya ba.

In za ka goge bango, ka tuna da mutumin Jidda. Wannan santsin da kake ji a jikin siminti shi ne naka dutse mai rai, ma'aikatanka suna ciki. Buroshi da ruwa sun isa ka cire zaren da ya yi tsawo. Omo da sabulu da ruwan bilic kada su shiga tanki matuƙar da kifi a ciki. Wankin ƙwal sai bayan ka kwashe kifi, ka ɗauraye sosai, ka bar rana ta gasa tankin kwana biyu ko uku, rana ba ta karɓar ko sisi.

Maganin ciyawa na gona kuwa, da duk wani gari ko ruwan da aka ƙulla maka ba suna, ka nisance su. Iyayenmu sun ga abin da maganin ƙwarin nan gamalin ya yi wa gulabe lokacin da wasu suka mai da shi abin kamun kifi: ya kashe babba ya kashe ƙarami, ya bi mai ci har cikin tukunya. Kifin da kake kiwo cikin wani zai shiga, watakila cikin ɗanka. In abu ya fi ƙarfinka, ka nemi malamin gona, ko ka je jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006, ga ta nan a ƙofar gidanku. A New Bussa kuma akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda wannan shi ne aikinta. Matambayi ba ya ɓata.

Ka sayi ɗan littafi na naira kaɗan. Rubuta ranar da ka zuba kifi, da abincin da ka ba su, da ranar da ka canza ruwa, da kalar ruwan kowace safiya. Bayan zubi biyu ko uku littafin nan zai riƙa gaya maka abin da zai faru tun kafin ya faru.

Akwai sauran magana a kan ruwan da kake zubarwa. Na sha ganin tiyo ya fito daga gida yana malala koren ruwa a lungu, ya kwanta a ƙofar maƙwabci, sauro ya sami wurin haihuwa. Wannan zalunci ne, kuma wauta ce, domin taki ne kake zubarwa. Abin da ya ciyar da gansakuka zai ciyar da albasa da tumatir da masara da ayaba. Mai wayo yakan kafa tankinsa kusa da lambu, ruwa ɗaya ya yi masa aiki biyu, ya rage kuɗin takin zamani. Wanda ba shi da lambu ya shuka zogale da gwanda a bayan gida, ko ya yi magana da mai fadamar da ke kusa.

Kada kuma ka sake shi kai tsaye cikin gulbi. Gulbin Gindi ba namu ne mu kaɗai ba. Yana gangarawa ya haɗu da Gulbin Sakkwato, shi kuma ya faɗa Kogin Kwara, har zuwa tafkin Kainji da aka datse a 1968. Ku tambayi masuntan Yawuri abin da suka gani da baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka. Ta bayyana a ruwan Badagiri a 1984, kafin shekarun 1980 su ƙare ta iso Kainji, ta rufe mashigai, ta hana jirgi wucewa, ta yayyaga taru. Hausawa suna cewa kainuwa dashen Allah, gaskiya ne, amma ƙazantar da mutane ke turawa ruwa da takin da ke zurarewa daga gonaki su ke ƙara mata ƙiba. Tun da noman shinkafa ya bunƙasa a jiharmu, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, taki mai yawa ke shiga fadamunmu. Mai watsa yuriya fiye da kima a gona da mai watsa abinci fiye da kima a tanki, hannu ɗaya ne. Jihar da duniya ta sani da bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 bai kamata 'ya'yanta su zama masu ɓata ruwa ba.

'Ya'yana, kifin da ke gulbi in ruwa ya ɓaci yakan yi gaba. Na tankinka ba shi da inda za shi. Kai ka kama shi ka tsare, saboda haka cinsa da shansa da numfashinsa suna wuyanka. Malamanmu sun sha ba mu labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, da irin makomar da ta samu. Ranar da na kwashe kifin nan a daro, asarar kuɗin ta yi mini ciwo, amma abin da ya fi daɗewa a raina shi ne tunanin daren da suka kwana suna neman iska ni kuwa ina barci.

Abin da na fi ji muku tsoro shi ne son gajeriyar hanya. Zamani ya saba muku da cewa kowace matsala tana da ƙulli a leda. Mai jin kasala ya nemi ƙwaya, mai son kuɗi ya nemi wanda zai ninka masa su cikin mako, mai koren ruwa ya nemi shuɗin gari. Duk hanya ɗaya suke bi: kwana ɗaya na murna, asuba ta biyu ta kuka. Kiwon kifi makaranta ce da ke koya wa mutum ya tambayi kansa, me na zuba har wannan ya tofo? Wanda ya saba yi wa tankinsa wannan tambaya zai iya yi wa aljihunsa, da gidansa, da zuciyarsa.

Dattijon nan Basarke ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Bai bar mini taru ko gora ba, ɗabi'a guda ya bar mini, ita nake so in bar muku. Kowace rana, in ka sallame sallar asuba, kafin ka taɓa waya, kafin ka nemi koko, ɗauki tocila ka je bakin tankinka. Ka tsaya shiru. Ka duba ko kifi yana ƙasa yana yawonsa ko ya taso sama. Ka shinshina ruwan. Ka naɗe hannun riga ka tura hannu zuwa gwiwa. A wannan lokacin ruwa ba ya ɓoye komai, duk abin da ka yi masa jiya zai faɗa maka. In ka ji ya soma tsami, kada ka nufi kasuwa, ka duba hannunka.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare dukiyarku daga asara, Ya ba ku haƙurin da ake cin riba da shi, Ya sa abin da kuke kiwo ya zama halal mai amfani gare ku da iyayenku.